Baba Ribas, Mai Ba da Sarauniya Don Soja

In ka bi ta layinmu a Ketaren Gwari da sassafe, za ka tarar da Baba Irimiya a gaban tsohuwar bas ɗinsa da bokitin ruwa. Gilashin gaba yake fara wankewa. Ya goge, ya ja da baya ya duba, ya girgiza kai, ya sake gogewa. Daga nan ya zagaya ƙofar baya mai faci-faci, ya duba baƙin mai, ya bubbuga tayoyi da ƙafa, sannan ya karɓi kofin kunu daga hannun matarsa Magdalina, wadda duk layi ke kira Maman Praise, ya shanye a tsaye. Sai ya ɗora hannu kan sitiyari ya yi gajeriyar addu'a, ya nufi tasha. Minna zuwa Kagara, Kagara zuwa Minna, shekaru sun haura talatin yana wannan zirga-zirga. A tasha ba mai kiransa Irimiya. Ribas suke ce masa.

Motar Kagara ba ta cika da wuri, don haka kafin lodi ya kammala sai ya samu benci a ƙarƙashin rumfa, ya zaro waya, ya kai ta dab da hancinsa. 'Yarsa Praise ce ta sa masa wasan ces a ciki, wato darar nan ta sarki da rundunarsa, wadda ake bugawa ta intanet da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Yau ya kara da ɗan Indiya, gobe da ɗan Masar. Da sunan Ribas ya shiga can ma. Kuma bari in faɗa tun yanzu, don kada wani ya ce na yaudare shi: mutumin da nake wa jinjina yau bai iya wasan nan ba. Ina da bakin faɗa, domin ni ne malaminsa.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare, ban daɗe da tarewa a layin ba. Duk Asabar da yamma muna baza allon ces a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidana, mu 'yan kaɗan, muna cika wa juna baki. Ga wanda bai san wasan ba, abu biyu kawai zai riƙe don ya bi ni. Sarauniya ita ce babba, tana zuwa ko'ina, kuma a lissafin masu wasa daidai take da soja tara. Soja shi ne ƙarami, taku ɗai-ɗai yake yi, kuma gaba kawai ya sani. Doka ta hana shi komawa baya.

Wata Asabar, bayan an watse, Maman Praise ta tsallako titi ta tsaya a kaina tana murza bakin zanenta.

"Malam, taimako na zo nema," in ji ta. "Idon Baba ya tafi. Likita ya ce yanar ido ce, sai an yi aiki, kuma ya ce ko an yi, ya bar dogon hanya. Ka ga yadda yake wanke gilashi yana sakewa? Gilashi ba datti, Malam. Ido ne."

Kullum ina ganin wankin gilashin nan, har ina yaba tsaftar dattijo a raina. Ashe mutum ne ke goge hazon da ke cikin idonsa, sannan ya kwashi rayukan mutane ya hau hanyar Zungeru zuwa Kagara da su.

"Na yi kuka, fasto ya yi magana, yara sun yi waya, ya ƙi," ta ci gaba. "Wannan wasa ne kawai yake sa shi ya zauna wuri ɗaya. Ka koya masa ya iya sosai. In yana cin mutane zai ji daɗi, ƙila ya haƙura ya zauna gida."

Dabarar ta ba ni dariya, amma idon matar bai ba ni ba. Na ce mata zan gwada.

Na fara da zama kusa da shi ina kallon yadda yake wasa. Farkon wasansa ba laifi, har ya burge ni. Ba ya gaggawa. Yana fito da dawakinsa da bishof-bishof ɗinsa, masu tafiya a karkace, a tsanake, kowa da mazauninsa, kamar mai shirya fasinja da kaya. Yana kai sarkinsa lungu da wuri, yana riƙe tsakiyar allo. Na ce a raina, wannan ai aiki ya zo da sauƙi. Ashe da sauran rina a kaba.

Ranar da na fara ganin ciwon, da wani mai tutar Indiya yake karawa. Baba ya rutsa sarkin mutumin a kusurwa, sarauniyarsa na bakin ƙofa, saura taku biyu a gama. Har na fara gyara zama don in yi masa tafi. Sai mutumin, don neman abin yi, ya kai wa wani sojan Baba hari a can gefen allo, sojan da ba ya tsare komai, ba ya hana komai. Ina kallo, da idona, dattijon nan ya ɗora yatsa kan sarauniya, ya janyo ta daga bakin nasara, ya dawo da ita baya ta tsaya wa sojan. Nan take dokin ɗan Indiya ya yi tsalle ya haɗa sarki da sarauniya a hari ɗaya. Sarauniya ta tafi, wasa ya bi ta.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. "Baba! Me ka yi haka? Ka ci wasa fa, ka ci!"

"Shi kaɗai ne a can, Malam," ya ce, ko a jikinsa.

"Wa? Soja ne fa! Ko katako ma bai kai ba, hoto ne a waya!"

Ya sauke wayar daga hancinsa ya dube ni. "Ai shi ba ya ribas. Wanda ya ƙirƙiro wasan nan bai kyauta ba. Ya tura shi gaba, ya hana shi dawowa. To in shi ba zai iya dawowa ba, ba dole wani ya koma masa ba?"

Na ce watakila tsautsayi ne na rana ɗaya. Ina! Haka yake yi kullum, hali zanen dutse. Na ba shi duk shawarar da ake ba mai koyo. Na ce ya daina wasan gaggawa na 'yan mintoci ya koma mai tsawo, ya koma. Na ce duk wasan da aka ci shi ya sake bin sa taku-taku ya ga inda ya kauce, yana bi. Na ce kafin ya taɓa komai ya tambayi kansa me abokin karawa ke nufi da takun da ya yi, ya riƙe wannan har ya fi ni. Makinsa ya ɗan ɗaga, ya doshi ɗari takwas, makin 'yan koyo, ya tsaya cak. Domin da zarar na zo kan babbar magana, cewa wani lokaci dole ka bar ƙarami ya tafi don babba ya rayu, sai ya ce "Na ji, Malam," gobe kuma ya sake. Na ce masa garin neman gira yake rasa ido. Sai da maganar ta fita na tuna da wa nake magana, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa dariya ya yi.

Ni duk a zatona daga wannan ɗabi'a sunan ya samo asali. Wata rana na bi shi tasha, aka sake ci masa sarauniya a kan soja, na ɗaga murya don a yi dariya: "Lallai wanda ya raɗa maka Ribas ya san aikinsa!" Ba wanda ya dara. 'Yan kamasho suka sunkuyar da kai. Wata 'yar kasuwa mai suna Helen, wadda ke sarin dawa a Kagara, ta kama hannun rigata ta ja ni bayan rumfa.

"Ticha, kai baƙo ne ko? Sunan nan ya girmi wasan waya. Ka ga faci a ƙofar bayan motarsa? Ka ɗauka tsatsa ne?"

Ga labarin da ta ba ni, kuma na bi diddigi wajen mutum biyu da ke cikin motar, ba su canza ko kalma ba. Da damina ne, da rana tsaka, a shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa hanyar. Bayan sun wuce Zungeru motar ta kafe a taɓo, maza suka sauka turi. Suna cikin turi sai ga babura daga daji, sai harbi. Allah ya taimaka taya ta kama ƙasa, mota ta fita, maza suka yi ta faɗawa ciki tana tafiya. Duka suka shiga ban da mutum ɗaya, Yisa, direban a-kori-kura a nan Minna, wanda za shi gaisuwar mutuwa. Santsi ya kwashe shi, harsashi ya same shi a cinya. Mota ta riga ta yi nisa, an tsira. Sai Baba Irimiya ya duba madubin gefe.

"Sai muka ji birki," in ji Helen. "Sai muka ji giya ya yi ƙara. Yesu! Ni ne a bayansa. Na shaƙe wuyan rigarsa ina duka, ina ihu, Irimiya za ka kashe mu, ina da yara! Kai a waje ta taga, hannu ɗaya a sitiyari, mota yana gudu da baya kamar gaba ne. Muna komawa wajen masu harbi, Ticha, da ƙafarmu. Maza suka buɗe ƙofar baya suka jawo Yisa kamar buhu. Harsashi yana buga ƙofa, kwas, kwas. Sai ya sa giya muka tafi. Ba wanda ya mutu."

Na jingina da ginshiƙin rumfar. Mutumin da na yi makonni ina yi wa tsawa a kan hoton soja ke nan. Kuma ni malamin lissafi ne, ba zan yi ƙarya ba: mota cike da mata da yara a kan mutum ɗaya, wannan lissafi bai fita ba. Na faɗa wa Helen haka.

"Ni ma har yau ban ce daidai ya yi ba," ta ce. "In na tuna, jikina yana rawa. Amma tun ranar ban ƙara shiga motar kowa ba sai nasa. Don na san in ni ne na faɗi, zai duba madubi."

Baba Irimiya, kai ne ka zauna a kan hanyar nan lokacin da direbobi da yawa suka koma Suleja da Bida, kuma ba mai ganin laifinsu. Alfa, tsohon ɗan kamashon tasharku, ya ce akwai makonnin da motarka kaɗai ke fita. Kai ne mai kawo mai naƙuda asibiti, kai ne mai mai da gawa ƙauyensu a binne ta cikin danginta. Alfa ya ce ka taɓa juyawa daga Beji saboda wata tsohuwa da aka manta a tasha ta je kama ruwa, fasinja na zaginka har ka dawo. Ba ka taɓa ba ni labarin ko ɗaya ba. Muna zama kafaɗa da kafaɗa, kana barina ina koya maka darajar soja.

A ranar na gane dabarar Maman Praise ba za ta yi aiki ba. Ko zakaran duniya ya zama a ces, ba zai ajiye makulli ba, domin a wajensa mutanen ƙauyukan hanyar nan su ne ba sa ribas, kuma bai ga wanda zai bar wa su ba. Ana haka abin da ake gudu ya kusa faruwa. Wata babbar mota ta lalace a kwana, an zuba ganye a titi yadda aka saba don a yi hattara, Baba bai ga ganyen ba. Ihun wanda ke gidan gaba ne ya sa ya kauce, madubin dama ya gogi jikin motar. Da yamma Maman Praise ta zo ƙofata, tana hawaye. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba a kan mutumin da ba dangina ba.

Asabar ta zagayo. Yisa yana nan, don duk Asabar yakan zo gaida Baba da 'yar doyarsa, ya zauna a gefen benci yana kallonmu. Ba ya wasa. Ƙaton mutum ne mai ɗan ɗingishi, kuma tun ranar da aka jawo shi cikin motar nan bai sake taka hanyar Kagara ba, ko sunanta ba ya son ji. Na jera sojoji biyu a kan allon katako, ɗaya a gaba, ɗaya a bayansa a karkace.

"Baba, na daina cewa ka bar soja," na ce. "Ga yadda ake yi. Soja shi ke tsare soja. Ka ga wannan na baya? Duk wanda ya taɓa na gaba, shi zai rama masa. Ba sai sarauniya ta bar aikinta ta dawo gadi ba. Ka bar wa ɗan'uwansa shi."

Allah ya sani rabin maganar ces ce, rabi hannunka mai sanda. Baba ya ce, "Na ji, Malam," irin jin da na saba. Na ce a raina shi ke nan, maganar ta sake faɗuwa ƙasa. Sai na ga wani ƙaton yatsa ya sauka a kan sojan baya.

"Malam," in ji Yisa, "wannan na baya, shi ma ba ya ribas?"

"Ba ya yi."

"To," ya ce. Can ya yi sallama ya tafi.

Ranar Litinin ƙarar bokiti ta fito da ni. Yisa ne a gaban bas, ya riga ya wanke gilashi. Baba ya fito ya tsaya turus, Maman Praise a bayansa da kofin kunu.

"Yisa, me ke nan?"

"Baba, kawo makulli."

"Ban ɗauko ka daga can don in mai da kai ba."

"Ka ɗauko ni da ƙafa ya lalace. Ƙafa ya warke. Ido naka bai warke ba." Ya miƙa hannu, bai janye shi ba. "Ina tsoron hanyan, Baba, wallahi ina tsoro. Amma na fi tsoron a ce min ka kashe mutane, ni ina gari ina ɗaukan siminti."

Ni dai na riƙe ƙofar gidana, bakina a buɗe. Can Baba ya juya ya karɓi kofin kunun daga hannun matarsa, ya miƙa wa Yisa. Sai da Yisa ya shanye, sannan Baba ya zaro makulli daga aljihu ya sa masa a tafin hannu.

"Madubin dama yana rawa tun ranar nan," ya ce. "Ka ɗaure shi kafin ka tashi. Kuma ka riƙa duba shi."

Maman Praise ta zauna a ƙasa a wurin, ta rufe fuska da zane.

An yi aikin idon, an dace. Makon jiya 'yan tasha suka haɗa masa ɗan taron sallama a ƙarƙashin rumfa, Alfa ya yi addu'a, fasto ya yi, aka ci shinkafa. Da aka natsa, matasan direbobi suka ce sai Baba ya buga wasa ɗaya a gabansu, su ga abin da Ticha ya koya masa. Ya sa sabon tabarau, ya riƙe waya nesa da hanci a karon farko. Wasa ya yi kyau, har na fara hura hanci. Ya rutsa wani mai tutar Brazil, nasara na leƙowa. Sai mutumin ya kai wa wani soja hari a gefen allo, soja tilo, ba ɗan'uwa a bayansa.

Baba ya dubi sojan, ya dube ni ta saman tabarau. Ya ɗora yatsa kan sarauniya, ya yi ribas.

Rumfa ta kaure da ihu. Na dafe kai. "Baba, bayan duk wahalar da na sha?"

"Malam, a hanya na samu wanda na bar wa," ya ce. "A nan wa zan bar wa?"

Aka ci shi, kamar kullum.

Masu koyon ces, kada ku kwaikwayi wasan dattijon nan, za ku tsufa a ɗari takwas. Ku yi wasa mai tsawo, ku bi kurakuranku, ku jera sojojinku su tsare juna, kuma in ta kama ku ba da ƙarami don babba, ku bayar. Amma in kun ajiye waya, ku da mu duka, direba da malami da 'yar kasuwa, mu koyi ɗaga ido mu duba madubi. A kowace tafiya akwai wanda santsi ya kwasa, wanda ba zai iya tasowa da kansa ba.

Baba Irimiya, Ribas na Magdalina, direban da ba a manta fasinja a motarsa, mun gode. Helen ta gode, Yisa ya gode, mutanen hanyar Kagara da ba su san ana rubuta wannan ba sun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya ba ka hutu mai daɗi. Ni kuma na ajiye aikin gyara maka wasa, ka ci gaba da abinka.

Yanzu kullum da yamma yana zaune a ƙarƙashin mangwarona, waya a cinya, fuskarsa na kallon bakin layi. In na ce ya fara wasa sai ya ce in dakata tukuna. Ba ya taɓa ko soja ɗaya sai ya ji hon ɗin Yisa ya shigo layi.